Mai Karanta Wasiƙun Kano

Zango, Wagadugu
14 ga Janairu, 2024

Zuwa ga ƙanena Saminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Maimunatu da yara da su Inna Dela. Mu nan alhamdu lillahi, in ban da Baba.

Na san za ka ce yau wace rana, Zulaihatu ta tuna tana da dangi a Kano. Faɗi, na cancanta. Rabona da kai tun bikin Fatu, shekara tara ke nan, lokacin kana makarantar likita kana yawo da wata jaka da ta fi ka nauyi. Amma dai kakan Baba da kakan mahaifinka ciki ɗaya suka fito, namu ne ya bi fataken goro ya sauka a nan bai koma ba, kuma da wannan zumuncin nake ƙwanƙwasa maka ƙofa. Na rubuta a takarda na ɗauki hotonta na turo ne don a waya ba na iya magana. Gidanmu ko tari ka yi sai mutum goma sun ji.

Baba shekararsa goma sha shida da ciwon sukari, diyabet inji mutanen nan. A da yana tafiya da shi lafiya lau. Tun bayan Maulidi ƙafafunsa suke kumbura, takalmin masallacinsa ya daina shiga. Sau biyu ya faɗi, gumi na karyo masa, jiki na ɓari, sai da muka ɗura masa zomkom, ruwan geron nan mai zaƙi da muke sha, sannan ya gane mu. Idonsa ma ya yi rauni, da murya yake shaida mutane.

Mai duba shi Yaya Lassane ne, kuma sai na gaya maka ko shi wane ne kafin ka gane matsalata. Ɗan ƙabilar Mosi ne, daga ƙauye ya zo yana da shekara goma sha uku zai shiga lakkol, wato makarantar boko, ba shi da kowa a birni. Baba ya ba shi ɗakin da ke jikin zaure, suka riƙa ci a kwano ɗaya. Shi ya goya ni. Hausarsa ta fi tawa, kuma tun yana yaro shi yake karanta wa Baba takardu, har yau ba a canza ba. Yanzu yana da shekara hamsin da tara, babban lokotoro ne, likita a bakinku, yana da ɗan asibitinsa a unguwar Widi. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya zo, ya auna tansiyon ɗin Baba, wato hawan jini, ya zaro maganin mako daga aljihu, su ci abinci. Bai taɓa karɓar komai ba, Baba kuma bai taɓa buɗe jikinsa ga wani lokotoro ba.

Ga hoton takardar awon jini da na fitsari, ga na kwalayen maganin. Akwai wata lamba, 34, da aka ja wa layi da jan biro. Na tambayi Yaya Lassane, ya ce ƙoda ce ta fara gajiya, tsufa ne, a rage gishiri. To maƙwabciyata a kasuwa, wadda rumfarta ke jikin tawa a layin atamfa, ta ce mijinta a Abijan an ba shi wani sabon magani mai kare ƙoda. Da na kawo wa Yaya maganar sai ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Zulai, ke da atamfa, ni da magani."

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ka duba mini don Allah, ka gaya mini gaskiya ko da ba daɗi.

Yayarka,
Zulaihatu Ishaku Dabo


Kano
21 ga Janairu, 2024

Yaya Zulai,

Wa alaikumus salam. Mun ga saƙonki, mun yi murna mun kuma yi jimami. Kowa lafiya, Inna Dela ta ce a gaida Baba da jiki, ta ce kuma har yanzu tana jiran goron da ya yi mata alkawari a bikin Fatu.

Kin nemi gaskiya, ga ta. Wannan 34 ɗin ƙarfin aikin ƙoda ne, na mai lafiya yana kai casa'in. Fitsarin ma ya nuna ƙodar tana yoyo. Faɗuwar da Baba yake yi kuwa, ƙaramar farar ƙwayar nan ce, glibenclamide. Idan ƙoda ta yi rauni ba ta iya fitar da ita, sai ta taru ta kayar da sukari ƙasa warwas. A daina ta.

Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba. Akwai sababbin magunguna, ɗaya sunansa empagliflozin, ƙwaya ɗaya da safe. Yana fitar da sukari ta fitsari, amma babban amfaninsa shi ne yana rage wa ƙoda da zuciya wahala, yana jinkirta lalacewarsu. Baba yana cikin waɗanda aka yi shi dominsu. Sai dai yana da ƙa'ida: idan lambar nan ta sauka ƙasa da ashirin ba a fara shi. Saboda haka lokaci ne muke tsere da shi.

Na haɗo takarda biyu. Ta farko gaisuwa ce ga Baba. Ta biyu ta Dokta Lassane ce, na yi ta da Hausa tunda ni ba Faransanci shi ba Ingilishi. Abu ɗaya nake roƙo, Yaya: kada a ɓoye wa Baba komai. Dattijo ne mai hankalinsa, jikinsa ne, ya kamata ya san halin da yake ciki.

Ga abin da na rubuta wa Dokta, don ke ma ki sani:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Na ga takardun Baba Alhaji Ishaku. Na yi mamakin ganin mai lambar ƙoda 34 har yanzu yana shan glibenclamide, abin da tun muna ɗalibai aka hana mu. Na fi mamakin ganin ba a sa shi a kan empagliflozin ko ɗan'uwansa ba, alhali yanzu shi ne abin da kowane likita ya sani. Ilimin ciwon sukari ya wuce inda aka bar shi shekara ashirin baya. Da an fara masa shekara uku da suka wuce, da ba a zo nan ba. Ina roƙon a gyara tun kafin a makara."

Na san akwai ɗan zafi a ciki, amma tsakanin likita da likita haka ake magana.

Ƙaninki,
Saminu


Zango, Wagadugu
4 ga Fabrairu, 2024

Saminu,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Baba yana nan yadda yake. Ba zan tsawaita gaisuwar ba, don abin da ke raina ya fi ƙarfinta.

Akwai al'adar gidanmu da ban zaci sai na yi maka bayaninta ba. Tun zamanin kakanmu, wasiƙar da ta zo daga Kano ba ta mutum ɗaya ba ce. A zaure ake karanta ta ranar Juma'a, gaban dattawan unguwa, don duk mutanen Zango can ne tushensu, kowa yana son jin labarin gida. An yi shekaru ba a samu irinta ba, waya ta kashe ta. Da na je aka buga mini takardunka biyu na gaya wa Baba, sai ka ga kamar an rage masa shekara goma. Ya sa aka wanke babbar rigarsa, ya aika aka gaya wa Malam Al'amin liman da Ɗan Malam mai goro da sauransu.

Na yi niyyar in ware ta biyun in ba Yaya Lassane a gefe. Wallahi na yi niyya. Baba ya shafa ya ji takarda biyu ce, ya ce ta wane ne ɗayar, na ce ta Yaya ce, a kan maganinsa. Ya ce, "To maganar jikina ce za a yi a bayana?" Sai na tuna layin da ka rubuta, kada a ɓoye wa Baba komai. Na sakar masa.

Shekaranjiya Juma'a mutum tara ne a zauren. Ni ina bakin ƙofar cikin gida riƙe da tiren abinci. Kuma ka san wanda yake karanta wa Baba takardu, na faɗa maka a wasiƙata ta farko.

Yaya Lassane ya gyara tabarau ya karanta gaisuwarka, aka yi ta sa maka albarka, aka yi dariyar goron Inna Dela. Ya ɗauko ta biyu. Na ga idonsa ya riga bakinsa sauka ƙasan takardar, na ga ya tsaya kaɗan. Da ya so, da ya ce maganar likitoci ce ya ninke ya sa aljihu, ba wanda zai ce masa don me. Amma shekara arba'in da shida yana karatu a zauren nan bai taɓa tsallake kalma ba, ko ta mutuwa ce. Ya karanta da muryar da ya karanta gaisuwar, bai ɗaga ba bai rage ba. "Na yi mamaki." "Abin da kowane likita ya sani." "Da an fara masa shekara uku da suka wuce." Da bakinsa, Saminu, gaban mutanen da suka san shi tun yana da gajeren wando. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya gama, ya ninke, ya miƙa wa Baba da hannu biyu.

Baba ya ce, "Lassane, gaskiya yaron nan ya faɗa?"

Ya ce, "Maganar farar ƙwayar, ya yi gaskiya, laifina ne. Sabon maganin kuwa, Baba, ban sani ba. Mu a lakkol an koya mana sukari a fitsari shi ne cutar, har mukan ce a duba ko tururuwa na taruwa. Yau an ce wanda yake zubo sukari a fitsarin shi ne magani. Ban taɓa rubuta shi ba. Abin da na sani a kansa, ɗan kamfanin magani ne ya bar mini takarda mai hoto. Tsoho ne kai, kana azumin Litinin da Alhamis, zafin Afrilu na zuwa, magani ne mai sa yawan fitsari. In ruwan jikinka ya ƙare fa? Ban iya rubuta maka abin da ban gani da idona ba."

Malam Al'amin ya yi gyaran murya ya ce a kawo abinci. Na shigar da tiren. Yaya Lassane ya wanke hannu, ya kai loma ɗaya don kada a ce ya ƙi, ya ce yana da mara lafiya a Widi. Har abin awon tansiyon ɗinsa ya manta a kan tabarma.

Ban san abin da zai biyo baya ba. Tsoro nake ji.

Zulaihatu


Kano
5 ga Fabrairu, 2024

Yaya Zulai,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara wa Baba sauƙi.

Inna lillahi. Yaya, da na ce kada a ɓoye wa Baba komai, halin ƙodarsa nake nufi, ba takardar da na rubuta wa wani da sunansa a sama ba. Wa yake karanta wasiƙar likita a bainar jama'a? Da na san haka za a yi ai da na sa mata zuma.

Duk da haka, abin da na faɗa bai canza ba. Shi da kansa ya amsa bai sani ba. Mutuncin Dokta abu ne mai gyaruwa, ƙoda kuwa in ta tafi ta tafi. Ku ba shi haƙuri a madadina, in ya huce ya rubuta maganin. In ya ƙi, Wagadugu ba ta rasa wani likitan ba. Ga azumi ya matso, kada Baba ya yi shi bana.

Ina jiran amsarki.

Saminu


Kano
12 ga Afrilu, 2024

Yaya Zulai,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Mu duk lafiya, sai zafi.

Wata biyu ke nan ba ki ce mini komai ba. Ina ganin alamar kin buɗe saƙona, na kira sau shida ba ki ɗauka ba. Na ɗauka shirun na nufin an daidaita, an fara maganin, kin dai yi fushi da ni ne kawai. In haka ne na yarda, ki yi ta fushin. Maimunatu ta karanta abin da na rubuta miki a Fabrairu ta ce ko ita ce ba za ta amsa ba.

Layi ɗaya ya ishe ni: an fara ko ba a fara ba?

Ƙaninki,
Saminu


Zango, Wagadugu
23 ga Yuni, 2024

Saminu,

Barka da Babbar Sallah, tunda ƙaramar ta wuce ban amsa maka ba. A gaida Maimunatu, ka ce mata na gode, ita ta fahimce ni. Yarana lafiya. Baba ba lafiya.

Ba a fara ba. Ga layinka ɗaya. Sauran kuma ka yi haƙuri ka karanta, don ba ni da wanda zan gaya wa.

Tun ranar nan Yaya Lassane bai sake tako gidanmu ba. Kowace Juma'a matarsa Rokia take kawo maganin a ambulan, ta gaida Baba daga bakin ƙofa ta juya. Na duba, farar ƙwayar babu ita a ciki, kuma Baba bai sake irin faɗuwar nan ba, wannan kam na ba ka. Amma sauran ma sai ya ga dama yake sha. In na matsa ya ce, "Hannun da ya saba ba ni fa?" Abin awon tansiyon yana nan rataye a ƙusa a zaure, ya hana kowa taɓawa.

Ka ce Wagadugu ba ta rasa wani likitan ba. Ba ta rasa ba. Na hau moto, babur a bakinku, na je Widi da kaina, na durƙusa na ba Yaya haƙuri, nawa da naka. Ya tashe ni ya ce ba wanda ya yi masa laifi. Ya rame. Ya rubuta mini takarda zuwa ga wata Dokta Nabila a unguwar Dasasgo, ƙwararriya ce a kan diyabet, ya ce ita ta san sabon maganin, a kai mata Baba cikin makon. Na ce, "Yaya, kai dai ka zo." Ya ce, "Da wane ido, Zulai? In yaron ya yi gaskiya, shekara uku na ci wa Baba." Na yi ta magana, ya yi ta gyara takardun da ke kan tebur.

Na kawo wa Baba takardar. Ya ce, "Na tara mutane na sa ɗana ya zagi kansa da bakinsa a zaurena. Yau in na kai jikina wurin wani, na sa hannu a kan zagin ke nan. Ba ni zuwa." Na ce ai shi ya rubuta da kansa. Ya ce kunya ce ta sa shi. Na ce to ya aika a kira shi. Ya ce wanda aka ɓata wa ba a aika masa ya zo, zuwa ake yi, kuma ƙafarsa ba ta kai shi ko bakin titi. Malam Al'amin ya sa baki, Baba ya juya fuska bango.

Ka gani? Wannan yana can yana jin ya cuci wancan, wancan yana nan yana jin ya cuci wannan, ni ina tsakiya da ambulan a hannu.

Na je farmasi da sunan maganin a wayata. Suka ce sai da ordonansi, takardar lokotoro, kuma sai sun yi odarsa. Ko da sun ba ni, ta yaya zan sa shi a bakin Baba? Azumi kuwa ya yi shi talatin cif, a zafin da ko kare ba ya fita. Yanzu Ɗan Malam ya samo masa wani jiƙo daga wani mai magani a unguwar Pisi, baƙi ƙirin, yana sha safe da yamma. Wannan ba ya ƙi, don ba lokotoro ne ya ba shi ba, bai ci amanar kowa ba. Kumburin ya kai gwiwa.

Na yi fushi da kai, gaskiya ne. Amma na fi fushi da kaina, ni na saki takardar. Ba na neman shawara yau, na gaji da shawarar da ba ni da ikon bi.

Zulaihatu


Kano
30 ga Yuni, 2024

Yaya Zulai,

Ina gaishe ki da ɗawainiya, Allah ya saka miki. Mu lafiya. Abu ɗaya kawai zan ce na likita: in da hali a raba Baba da jiƙon nan, irinsa yana ƙarasa ƙodar da ta raunana. Na san kin sani, na san kuma ba ki da iko.

Sauran ba naki ba ne. Ki buga shi, a karanta a zaure ranar Juma'a, gaban mutanen da suka ji na farko. Wannan karon da nufi nake faɗa.

"Zuwa ga Baba Alhaji Ishaku da dattawan Zango da babana Dokta Lassane. Ina gaishe ku, ina neman gafara.

"Na rubuta cewa sabon maganin nan kowane likita ya san shi. Ba haka ba ne. A asibitin da nake aiki mu goma sha ɗaya ne muke ganin masu ciwon sukari, waɗanda suke rubuta shi ba su wuce biyu ba, kuma ba na cikinsu. Duk tsawon aikina mutum huɗu na taɓa rubuta wa. Na farkonsu dattijo ne, na ba shi a bazara ban gargaɗe shi ya riƙa shan ruwa ba, ban ce ya dakata in ya yi rashin lafiya ba. Bayan mako biyu aka kawo shi ranga-ranga, ruwan jikinsa ya ƙare. Ya tashi, amma tun ranar hannuna yake nauyi. In na ɗauki biro sai in ce wa kaina ai yana da tsada, ai babu shi a kantin asibiti, ai manyanmu ma ba su fara ba, sai in rubuta tsohon da na saba. Abin da na sani a kansa daga takardu ne da wani taron kwana ɗaya a otal.

"Tambayoyin da Dokta ya yi a zaure, na zafi da na azumi, su ne waɗanda ni ban yi ba kafin in cuci wancan dattijon. Shi ya ce bai sani ba a gaban mutum tara. Ni ban taɓa faɗa ba ko a gaban mutum ɗaya. Na yi ƙarfin hali ne don Wagadugu da nisa, ba ni zan zauna gaban mara lafiyar ba.

"Har yanzu na yarda maganin zai amfani Baba, in an bi shi da lura. Ba wanda zai lura da shi kamar wanda yake zuwa kowace Juma'a. Ranka ya daɗe, ka dawo."

Yaya, ban san ko zai yi amfani ba. Shi ne kawai abin da nake da shi.

Ƙaninki,
Saminu


Zango, Wagadugu
8 ga Satumba, 2024

Ƙanena Saminu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da iyali da Inna Dela. Ruwa ya yi yawa bana, katangar bayan gida ta zube, amma ba wanda ya ji ciwo. Baba yana gaishe ka da sunanka.

Wasiƙarka na buga ta tun washegari. Na ce a ba Malam Al'amin ya karanta, ko ni in karanta. Baba ya ce wasiƙar Kano mai karanta ta ɗaya ne a gidan nan. Ya sa ta ƙarƙashin matashinsa, ta yi wata biyu a wurin. Na tura wa Rokia hotonta, ta ce Yaya ya ƙi dubawa, wai ba a buɗe wasiƙar zaure a waje.

A tsakiyar Agusta zazzaɓin sauro ya kama Baba, kwana huɗu yana amai, ko ruwa ba ya zama. Ya tashi, amma ya zama rabin mutum.

Juma'ar ƙarshen wata, an sauko daga masallaci, sai muka ji sallama. Baba ne ya fara gane muryar, ta Yaya Lassane ce. Ba zan iya rubuta maka yadda aka yi ba, kuka nake ta yi a bayan ƙofa. Na dai ji Baba yana cewa, "Ka rame," shi da ba ya gani.

Ashe wata shida, duk Juma'a, lokacin da ya saba zuwa wurinmu, Dasasgo yake tafiya. Dokta Nabilar nan a hannunsa ta koyi aiki tana ɗaliba. Ya roƙe ta ta ajiye masa kujera a bayanta, yana zaune da littafi kamar ɗan lakkol, yana bin mutum goma sha ɗaya da take ba maganin. Ya bi su cikin zafi, ya bi su cikin azumi, ya ga wanda ya samu matsala da yadda aka gyara. Ya ce wa Baba, "Na ce ban iya rubuta abin da ban gani ba. Na je na gani. Yaron ya yi gaskiya." Ya zaro kwalin sabon maganin daga aljihu ya sa masa a hannu, ya ce za a ɗebi jini, sakamako na fitowa za a fara. Ranar Baba ya ci tuwo har ya nemi ƙari, ya ce a zubar da jiƙon.

Ranar Litinin sakamakon ya fito. Yaya Lassane ya same ni a rumfa, abin da bai taɓa yi ba. Ya miƙo mini takardar, ya ce, "Goma sha shida." Ban buƙaci bayani ba, ka riga ka koya mini ƙa'idar tun Janairu. Ya ce sun duba shi da Dokta Nabila, za a sake awo amma kada in sa rai. Yanzu allurar insulin ce, nan gaba kuma maganar wankin ƙoda, in jikin zai ɗauka. Ya zauna a kan bandir ɗin atamfa ya ce, "Da na yi wata uku maimakon shida." Na ba shi ruwa.

Shekaranjiya aka karanta wasiƙarka. Mutanen nan tara duk sun zo. Ina bakin ƙofa da wayata a hannu, ina bin layukan da ido. Yaya Lassane ya karanta gaisuwar da neman gafarar. Da ya iso inda ka ce kai ma ba ka rubuta shi, da labarin dattijon da aka kawo ranga-ranga, sai na ga idonsa ya sauka ƙasa, ya tsaya kaɗan kamar wancan karon. Sai ya wuce. Ya tsallake duka, bai karanta ko kalma ɗaya da za ta rage ka a idon mutane ba, ya sauka a kan "Har yanzu na yarda maganin zai amfani Baba." Dattawa suka ce yaron Kano akwai ilimi akwai ladabi. Da zai fita na ce, "Yaya, ka yi tsallake." Ya ce, "Ido ne, Zulai, tsufa." Ya ce in gaya maka ka rubuta wa mara lafiya na biyar maganin, ka dai ce masa ya sha ruwa.

Abin da ya rage shi ne kwalin. Yana hannun Baba, ba a ɓalle shi ba, yana ajiye shi inda wasiƙarka ta zauna. Yaya Lassane ya yi niyyar gaya masa ranar Juma'ar cewa an makara, na ga ya buɗe baki sau biyu, ya ƙare da tambayarsa ko yana barci sosai. Ni ma na kasa. Kullum da safe in na kawo masa koko sai ya lalubo kwalin ya girgiza shi kusa da kunnensa, ya ce, "Zulai, yau ne za a fara na Lassane?" Ina ce masa sai an ƙara awo.

Kai ka ce kada a ɓoye wa Baba komai. To ka rubuto mini abin da zan faɗa masa gobe da safe, da kalmomin da zan faɗa, don nawa sun ƙare. Ka turo ta wayata, wannan ba ta zaure ba ce.

Yayarka,
Zulaihatu